Kunnen Kasuwa da Takardar Iya Dije

Bari in gyara muku wata magana tun ina da sauran haƙoran faɗinta. Na sha jin ku, ku 'ya'yana da jikokina, kuna gaya wa baƙi wai hukuma ta taɓa tasowa za ta rufe jaridata, ni kuma na tsaya ƙyam na ce ba a isa ba. Labari ne mai daɗi, wallahi ni kaina da na fara jin shi sai da na gyara zaman rawani. Amma ba haka aka yi ba. Hukuma ba ta ma san muna yi ba. Wanda ya tashi rufe Kunnen Kasuwa kakanku ne, Malam Isa, uban da ya haife ni, kuma shi ke da gaskiya.

Shekarar ita ce wadda na ci jarrabawa aka ɗauke ni sanawiyya, wato sakandare, a Sinja, nan ƙasar Sudan, lokacin da rabin samarin garinmu suka tafi Rusairis aikin madatsar ruwa. Ni ne na farko da ya kai wannan matsayi a ƙauyenmu, ɗan garin nan na bakin kogi da ke tafiyar awa biyu a ƙafa daga Abu Hujar, inda kakanninmu suka sauke kaya a hanyarsu ta Makka suka ce bari su yi noman damina ɗaya su wuce, ga mu nan har yau muna noman. To ku zo ku gan ni, Haruna, da na dawo hutu. Wando na guga, gashi an tsaga shi gefe, alƙalami uku a aljihun gaba, ɗaya ne kawai ke rubutu. Ba na iya haɗa kalma biyar ban ce "ya zol" ba, wato "kai mutum" a Larabcin nan ƙasar. Komai "tamam" maimakon daidai, komai "kalas" maimakon shi ke nan. Rannan Inna tana tuƙa tuwo na ce mata, "Ya zol, yunwa fa."

Ta ɗago muciya ta ce, "Wanga Zol da kake ta kira tun da ka dawo, a wane ɗaki yake kwana? In ba shi nasa kwanon."

A lokacin jarida ba baƙuwa ba ce gare mu, sai dai tana zuwa mana a tsufe. Jaridun Hartum sukan iso a lori bayan kwana huɗu ko biyar, yawanci ma an naɗe sukari ko sabulu a ciki, ka karanta rabin labari, sauran rabin yana gidan maƙwabci. Kuma ko ka haɗa su duka ba za ka ga sunan garinmu ba. Labarinmu na gida a wuri uku ake samunsa: bakin kogi wajen mata, ƙofar masallaci wajen dattawa, da shagon Sale Tela, mijin yayata Rabi, wanda bakinsa ya fi kekensa gudu. Ni kuwa a makaranta na ga ɗalibai suna rubuta jarida da hannu a babbar takarda su manna a bango, jama'a su taru suna karantawa suna musu. Na ce wallahi sai na yi mana tamu.

Na sayo manyan takardu daga Sinja da kwalbar jan tawada, baƙar kuwa ta Baba na riƙa ɗiba, wadda yake haɗawa da ƙaro da baƙin tukunya. Gefen dama na yi da Larabci don samari, gefen hagu da Hausa cikin ajami don dattawa. Kuɗin dawa da riɗi a kasuwa, inda ruwan kogi ya kai, wanda jakinsa ya ɓata, wanda aka yi wa haihuwa, ƙwallon da muka ci 'yan ƙetaren kogi, wadda suka ci mu kuwa ba ta samu wuri ba. Duk ranar Alhamis, ranar kasuwarmu, in jiƙa ƙaro in manna ta a bangon shagon Sale. Na sa mata suna Kunnen Kasuwa.

Dattawa sun ɗan yi gunaguni da farko. Ba labarin ne ya dame su ba, haruffan ne. Mutanenmu ba sa wasa da takardar da ke da rubutun Larabci, ko ta shayi ce, don ba ka san inda sunan Allah ya faɗo ba. Sai na ɗaga ta sama inda akuya ba za ta kai ba, Sale ya ƙara mata rumfa, magana ta mutu. Wadda ta fi kowa riƙo da wannan al'ada ita ce Iya Dije, tsohuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli a bakin kasuwa. Ba ta san alif ba, amma ba ta taɓa tsallake takarda a ƙasa. Ta tsince ta, ta kakkaɓe, ta nemi mai karatu ya duba mata. In babu sunan Allah ta sa a murhu, in akwai ta kai gida ta soke a jinkar ɗakinta. Sa'ar kakata ce, don haka "angona" take ce mini, ni kuma in ce mata amarya, in ci ƙuli-ƙulinta kyauta a matsayin kayan lefe da ya juya baya.

Jarida ta karɓu. Mutane sukan yi cincirindo, mai iya karatu ya ɗaga murya, sauran su ce "ƙwarai" ko "ƙarya ne". Ni ina gefe hannu a aljihu kamar ba ni ba. Mutum ɗaya ne ya hana ni shan iska, Sale. Kun san wasan mijin yaya da ƙanin mata, to shi nasa da barkono yake yi.

"Jama'a ku matso," in ji shi, allura a baki. "Ustazu zai gaya muku abin da kuka gaya masa jiya."

"Ya zol, wannan ita ake kira sahafa, aikin jarida. Ba ka sani ba."

"Na sani mana. Tanko ya ce maka jakinsa ya ɓata, ka rubuta, Tanko ya zo ya karanta ya ce, 'La ilaha, ashe jakina ya ɓata!' Ranar da ka kawo labarin da ni Sale ban riga ka ji ba, zan ɗinka maka jallabiya kyauta, har da aljihu huɗu na alƙaluman da ba sa rubutu."

Aka yi ta dariya, ni ma na yi, amma maganar ta zauna mini a ƙirji.

Yanzu sai in gaya muku aikin kakanku, don ku da kuka tashi da waya a hannu ba ku san shi ba. Mutanenmu kullum wani yana hanya: wani ya tafi cirar auduga Manajil, wani yankan riɗi, wani ya nufi teku zai ƙetara Makka. Wasu sukan mutu a can. In haka ta faru, wasiƙa ba ta zuwa gidan mamaci, wurin Baba take zuwa. Shi zai riƙe labarin a cikinsa, kwana ɗaya, kwana uku, har sai ya shirya masa wurin sauka. Ya bincika ko uwar tana da lafiya, ko matar tana da ciki, wa zai riƙe ta in ta faɗi. Ya tura mata su riga shi shiga kamar hira suka zo, su tabbatar ta ci abinci. Sannan su je, maza uku, ba biyu ba, ba huɗu ba, su zauna, a gaisa a tsanake, kafin a faɗa. A garinmu ba a taɓa jin mutuwar nesa a tsaye ba. Baba yana karanta Alƙur'ani da littattafai kamar ruwa, amma rubutun masu rubuta wasiƙa na bakin ofis, mai gudu kamar tafiyar tururuwa, ba ya gane shi. Tun ina aji huɗu ni ke karanta masa. Ya rufe ƙofar zaure ya miƙo mini, in karanta, ya karɓa ya ce, "Ba ka gani ba." In ce, "Ban gani ba, Baba."

Ranar wata Laraba bayan azahar direban lori ya kawo wasiƙa daga Bur Sudan. Garba ne, ɗan Iya Dije, namiji ɗaya da ta haifa. Shekara tara yana cirar auduga yana tara guzuri don ya ƙarasa hanyar da ubansa bai ƙarasa ba. Ya kai bakin teku, zazzaɓi ya kama shi yana jiran jirgi, kwana huɗu ya cika. Abokan tafiyarsa sun yi masa sutura.

Baba ya karɓi wasiƙar ya ninke. Sannan ya ce, "Sai Juma'a. Ɗiyarta Hajara tana Dindir, zan aika yau ta biyo lorin Juma'a. Tsohuwar nan ba ta da kowa a gida. Ba ka gani ba."

"Ban gani ba, Baba."

Na gani kuwa. Kuma ga abin da na gaya wa kaina, ku ji wayon ɗan sanawiyya: Iya ba ta karatu. Zan rubuta da Larabci zalla, da irin rubutun makaranta, ba da ajami ba, don dattawa kada su gane. Samari kaɗan ne za su karanta, su kuma ba za su je su gaya mata ba. Sale ne kawai nake so wani ya karanta masa, in ga fuskarsa. Babbar takardar na riga na gama ta, don haka da safiyar Alhamis na yagi 'yar ƙarama daga littafina, na ja mata baƙin layi a gefe kamar yadda jaridun Hartum ke yi, na rubuta Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, sai layi biyu. Ƙaro ya ƙare mini, sai na soke ta a ƙasan jaridar da ƙaya biyu. Hannuna ya gama aikin kafin hankalina ya tashi daga barci. Kasuwa ba ta cika ba tukuna, Sale ma bai buɗe shago ba, na tafi shan shayi ina jiran a taru.

Farkon damina ne, an yi hadari bai zubar ba, sai iska. Ina zaune a kan benci da kofi a hannu, na ji an taɓa kafaɗata.

"Angona, ka ɓuya. Duba mini wagga, iska ta kawo ta har cikin farantina. Akwai sunan Allah?"

Ga baƙin layin da na ja da hannuna. Ga hudar ƙaya biyu. Tana riƙe da ita da hannu biyu, tana murmushi da haƙoranta uku.

Na san abin da ya kamata maƙaryaci ya yi. In ce babu, ta jefa a murhu, shi ke nan, babu wanda zai sani har abada. Amma sunan Allah yana ciki, shi ne ma farkon abin da na rubuta, kuma ni ɗan Malam Isa ne duk da wandon guga. Bakina ya ƙi. In karanta mata kuma, a tsaye, a gaban mai shayi? Na ce, "Iya, kawo in ajiye miki."

"A'a. Kai da ke barin takardu a aljihu Innarka ta wanke? Akwai ko babu?"

"Akwai, Iya."

"To madalla." Ta sumbace ta, ta ninke huɗu, ta ɗaure a bakin zaninta. "Yau ba ka ce mini amarya ba. Ko ka samu 'yar Sinja?"

Ta juya ta koma wurin farantinta, mutuwar ɗanta tana lilo a gefen zaninta. Kuma na san halinta, kafin ta soke takarda a jinka takan so a gaya mata wace aya ce. Duk ɗan makarantar da ya zo sayen ƙuli-ƙuli zai iya zama shi ne.

Ban san lokacin da na isa gida ba. Baba yana zaure yana gyaran carbi. Na durƙusa na faɗa masa duka, ban rage ba. Na so ya mare ni, wallahi da ya fi mini sauƙi. Bai ko ɗaga murya ba. Ya leƙa cikin gida ya ce wa Inna, "Ɗauki Rabi da matar Liman, ku je ku taso Dije daga kasuwa, ku ce kun zo taya ta gyaran gyaɗa. Ku ba ta fura. Yanzu." Sannan ya dube ni.

"Cire wanga wando ka sa riga. Ni da Liman mu biyu ne. Kai ne na uku."

"Baba, ni yaro ne, ba a..."

"Yaro bai buga mutuwa a bango. Tunda ka iya rubutawa, za ka iya faɗa. Da bakinka."

Mun same ta a tsakar gida, mata sun kewaye ta, tana ta mamakin wannan zumunci na ranar kasuwa. Da ta ga maza uku sun yi sallama, na gaba Malam Isa, sai hannunta ya tsaya a cikin gyaɗar. Kowa a garin ya san ma'anar wannan. Muka zauna. Baba ya gaishe ta, ya tambayi ƙafarta, ya tambayi ciniki, ita kuma tana amsawa tana kallona, don ba ta taɓa ganin an zo da ɗan shekara sha bakwai ba. Baba ya juyo ya dube ni. Liman ma ya dube ni. Ni da ke da kalma ɗari ta Larabci a baki, na nemi ɗaya ta Hausa da ƙyar.

"Iya, Yaya Garba ya riga mu. A Bur Sudan. An yi masa sutura."

Ba ta yi kuka nan take ba. Ta sunkuya ta kwance bakin zaninta, ta warware takardar a kan gwiwa.

"Ita ce wagga?"

"Ita ce, Iya."

"Ka san abin da ke ciki, ka bar ni na ɗaure?"

"Na sani."

Sai a lokacin ta fasa kuka, ta faɗa jikin Inna, don babu jininta ko ɗaya a gidan da zai riƙe ta. Hajara kuwa ta sauka daga lori ranar Juma'a da tsarabar kifi, tana tsammanin uwarta ce ba lafiya, ta hango tabarmin zaman makoki tun daga bakin hanya. Ita a tsaye ta ji. Wannan laifin nawa ne, ba na iska ba.

Bayan sadakar bakwai dattawa suka zauna a ƙofar masallaci bayan la'asar. Baba ne ya kawo maganar da kansa: a kankare bangon Sale, kada a sake manna komai a garin. Ya ce abin da ba shi da kunya ba shi da ƙafa bai kamata ya riƙa kai saƙo ba. Liman ya gyaɗa kai. Sale, wanda tun ranar bai sake yi mini wasa ba, ya ce laifin har da nasa, shi ya zuga ni. Baba ya ce, "Ai ba kai ne ka ce 'ban gani ba' ba." Ni na roƙa, na ce a ba ni sharaɗi kowane iri. Babu wanda ya kalle ni. Na riga na fara tunanin abin da zan yi da sauran takardun.

Sai ga Iya Dije da sandarta. Mata ba sa zuwa wannan zama, amma mace in ta kai shekarunta babu mai ce mata koma. Ta tsaya a bakin tabarma.

"Malam Isa, na ji za ku kankare bango saboda ni. Wa ya tambaye ni?"

Ta dogara da sandarta ta ci gaba.

"Uban Garba ya mutu muna tahowa, can yamma da Fashir. Na ɗora duwatsu bakwai, muka wuce. Yau ko an kai ni ban gane wurin. Jikokinsa ba su san sunansa ba. Garba ma ga shi, ban ganin kabarinsa. Wanga yaro ya yi mini rashin hankali, kuma ban yafe ba tukuna. Amma shi kaɗai ya ba ni abin da zan riƙe a hannu." Ta juyo gare ni. "An karanta mini ita. Layi biyu! Cigiyar jakin Tanko an ce layi biyar ka yi mata, har da launin kunne. Ɗana bai kai jaki ba?"

Wani dattijo ya yi tari don ya ɓoye dariya.

"Gobe ka zo da babbar takarda da tawadar kirki. Ni zan faɗa, kai ka rubuta, da Hausa, yadda kowa zai ji. In kun gama karantawa ku kankare bangonku in kuna so."

Na je. Tun hantsi har azahar tana faɗa ina rubutawa: yadda aka haife shi a kan hanya, yadda ya iya kama kifi da hannu, yadda ya ƙi aure na biyu don kada guzuri ya taɓu, da sunan ubansa, da na kakansa. Ranar Alhamis ban taɓa ganin taro irin wannan ba. Liman da kansa ya karanta, tsofaffi suna share ido. Kafin a watse mutum uku sun ja ni gefe, kowa da nasa wanda ya bari a hanya shekaru talatin, arba'in, yana so a rubuta. Babu wanda ya sake maganar kankare bango. Sharaɗi ɗaya Liman ya kafa: sunan mamaci ba ya hawa bango sai an shimfiɗa tabarma a gidansu, kuma sai da bakin masu shi.

Haka Kunnen Kasuwa ta rayu. In ina makaranta wasu samari su riƙe, in na dawo in karɓa. Garuruwan ƙetaren kogi suka kwaikwaya, tasu ba ta kai tamu ba, ko su sun sani. Daga baya da na zama malamin makaranta muka samu injin juya takardu, muna buga ta ana kai wa 'yan garinmu har Manajil da Damazin. Rediyo mai batir ce ta cinye mu a hankali, da kowa ya rataya tasa a wuyan jaki. Amma shafin waɗanda suka kwanta a hanya bai taɓa fita fanko ba har fitowa ta ƙarshe. Sale ya ɗinka mini jallabiyar, aljihu huɗu, ni kuwa ban taɓa sa ta ba. Iya Dije ta koma ce mini angona bayan wata biyar, ƙuli-ƙulin kyauta ne dai bai dawo ba.

Baba kuwa, a hanyarmu ta komawa gida daga wancan zama na ƙofar masallaci, ya faɗa mini magana ɗaya: "Jarida taku ce. Wasiƙa tawa ce." Daga ranar, duk wasiƙar da ta zo sai ya sa takalmi ya taka har Abu Hujar, awa biyu zuwa awa biyu dawowa, wani tsohon malamin makaranta ya karanta masa. Ina cikin gidan, da alƙalumana. Ya yi haka da rani, ya yi da damina, ya yi har ƙafarsa ta fara ciwo ya koma hawa jaki. Yana zuwa bango duk Alhamis, ya tsaya can baya yana yi kamar farashin awaki yake tambaya, har a gama karantawa. Ya yi mini aure, ya raɗa wa uku daga cikinku suna, ya ci abinci da ni a kwano ɗaya shekara ashirin da ɗoriya. Bai sake miƙo mini wasiƙa ba.

Akwatin ƙarfen nan da ke ƙarƙashin gadona, wanda kuke ta tambaya me ke ciki, wasiƙunsa ne. Inna ta ba ni bayan rasuwarsa, da makullin. Ban buɗe ba. Bai ce in karanta ba.